Motar Tsere da Yayana Ya Ƙera a Funtuwa

Akwai wata Asabar a ƙarshen shekarun saba'in da har in bar duniya ba za ta fita daga raina ba.

Yayana bakanike ne a Funtuwa, ni kuma malamin firamare. A majigi ya taɓa ganin motocin tseren Turai masu kujera ɗaya, waɗanda cikinsu ke kusan shafar ƙasa, tayoyi a waje, inji a bayan direba. Tun daga ranar ya ƙudura sai ya yi tasa. Ya ciro injin wata Bosuwaja da ta yi hatsari, ya yi waldar bututun ƙarfe, ya lulluɓe da kwano, har da ɗan fiffike a baya wai don iska ta danne ta a ƙasa. Da ya gama, sai kujerar ta yi masa kaɗan. Ni ne siriri a gidanmu, shi ya sa tuƙi ya faɗo kaina.

Wani direban Fijo ya ce ko ƙurarsa ba za mu gani ba, aka sa tsere ranar Asabar ɗin a hanyar Bakori. Innarmu ta biyo mu har zaure. "A wannan akwatin gawar za ka sa ƙanenka?" Yaya ya ce, "Inna, na gwada komai."

Gudu kam ta yi. Na bar Fijo a baya, iska na dukan fuskata, ban jin komai sai ƙarar inji. Sai ga jakuna ɗauke da auduga sun tare hanya, wata tsohuwa na kora su. Na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa. Na karya sitiyari na faɗa gonar dawa da aka girbe. Kunyar gonar ta farko ta cire tayar gaba, ta biyu ta kifar da ni.

Yaya ya iso a guje ba takalmi, ya zaro ni, hannuna a karye. "Wata da watanni ina kan inji," ya ce. "Birkin kuwa a yini guda na ɗaura."

Bai ƙara taɓa motar ba. Injin ya koma niƙa masara a unguwarmu. Ni kuwa tun daga lokacin, duk abin da za a sa ni ciki, mota ko sana'a, nakan fara tambayar yadda ake tsayar da shi.