Iccen da Na Yi wa Maganin Raƙumi

Shekarar da fari ya cinye raƙumana na shigo Agadas da matata da tabarma ɗaya. Soja ke mulki. Kumandan garin ya ce a dasa itatuwa bakin hanya, aka nemi masu ban ruwa. Na je. Ladan aikin mudun jar dawa ne kullum, ita muke ci.

Kowa aka ba shi dogon yaro. Ni aka ba ni baƙo. Icce ne daga ƙasar Turawa, an ce can shi suke jerawa cikin birni don inuwa. Uku aka kawo. Biyu suka shiga gidan kumandan, na ukun aka dasa a ƙofar, inda zai gan shi daga mota. Bai kai tsawona ba. Ganyensa ƙanana, bakinsu kamar zarto.

Mai gandun daji ya ce mini, "Ruwa bido biyu, wato jarka biyu, da safe, biyu da marece. In ya mutu, dawarka ta mutu."

Na yi masa shinge don awaki. Ina ba shi ruwan da ni ban samu na wanka ba. Matata ta ce, "Malam, ni ka aura ko sandan nan?" Na ce sandan ke ciyar da mu.

Da sanyi ya shigo, ganye ya yi rawaya, ya fara zuba. Na ƙara ruwa. Ya zube duka. Na tsaya ina kallonsa tsirara, na tuna raƙumana. Su ma haka suka fara, gashi ya zube, sai ƙashi.

Ban tambayi kowa ba. Tsoro nake a ce na kashe shi. Magani ɗaya na sani, wanda ubana ya koya mini: raƙumin da ya ƙi tashi, wuta ake sa masa. Na ari ƙarfe wajen maƙeri, na gasa shi ya yi ja, na zagaye gindin iccen da shi kamar wuyan raƙumi. Don kada in yi rowa, na zagaya sau biyu.

Da zafi ya dawo, biyun da ke cikin gida suka tofo, kore shar, ana hango su ta kan katanga. Nawa shiru.

Mai gandun daji ya duƙa, ya ga ƙuna, ya kama kai. "Baba, barci fa yake! Irinsu haka suke da sanyi. Ta ɓawon nan yake ci, ka yanke masa maƙogwaro."

Aka kai ni gaban kumandan. Na faɗi gaskiya, ba ni da wata.

Ya ce, "Raƙuma nawa ka yi wa wannan magani?"

Na ce, "Goma sha ɗaya, ranka ya daɗe."

"Nawa suka tashi?"

"Fari ne, ranka ya daɗe."

Sojan da ke bakin ƙofa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Kumandan bai yi dariya ba. Kwana biyu na yi a kulle, matata ta kwana biyu ba dawa. A na uku aka fito da ni, aka kai ni layin dogon yaro can wajen tasha. Mai gandun daji ya miƙo mini bido ya ce, "Wannan ko kai ba ka iya kashe shi."

Dawa ta dawo. Itatuwan suna nan har yau, masu shayi na zama ƙarƙashinsu. Matata kuwa, har ta rasu, in ciwon kai ya kama ta ba ta faɗa mini.