Neman Kafili da Kwanon Tuwo

Da muka bar unguwar Karantina muka koma Sharafiyya, duk a nan Jidda, matan unguwa har jaje suka yi mini. Wai zan zauna cikin mutanen da ba sa ɗaga murya, to me zan yi da tawa? Gidan haya ne babba, hoshi muke ce masa, ɗakuna sun zagaye tsakar gida, kuma ban da mu duk wanda ke ciki mutumin Siyam ne, ƙasar da ku 'yan yanzu kuke ce wa Tailan. Musulmi ne, Hajji ya kawo su kamar yadda ya kawo mu, suka zauna. Larabawa ba sa wahalar da kansu: duk mai irin fuskarsu Jawa ne, duk mai irin tawa Takari. Ni kuwa haifaffiyar Gadarif ce ta Sudan, tun ina goye nake jin Larabci, in na buɗe baki ba ka ce ba a nan aka yanke cibiyata ba.

Maigidana dako yake yi a ɗakin ajiyar wani attajiri can bakin teku, attajirin nan kuma shi ne kafilinmu. Baƙo ba ya zama a ƙasar nan sai da iƙama, wato takardar izinin zama, iƙama kuma ba ta tsayuwa sai wani ɗan ƙasa ya tsaya maka. Ni da yara duk a cikin ta maigida aka rubuta mu. In ta faɗi, mun faɗi gaba ɗaya.

Babban hoshin wani tela ne siriri, mai ɗinka huluna da jakunkunan alhazai. Makullan gida a ƙugunsa suke, shi ke karɓar haya, kullum cikin farar jallabiya mai guga. An ce tun kafin a rushe ganuwar Jidda yake gari. Kowa ya gan shi ya ga mai gida. Matarsa ba ta kai kafaɗata ba, in za ta wuce ta gabana sai ta rankwafa kamar mai neman allura a ƙasa. Ina ce mata Hajiya, tana ce mini Sitti, wato uwargida. Larabcinta bai cika cokali ba, amma murmushi kam tana da shi buhu-buhu. Rijiya ta ƙafe, murmushi. Ɗanta ya fasa tulu, murmushi. Suna da wani ruwan kifi a kwalba, in ta buɗe shi sai in kwashe yarana mu shige ɗaki. Ni kuma ranar da na fara jefa daddawa a tukunya, na hange ta ta lulluɓe hanci da mayafi, idanunta suna ruwa, bakin nan dai bai bar murmushin ba.

Wata shekara bayan Hajji aka tsananta bincike, askarawa suna shiga gida-gida suna duba takardu. Ranar da suka zo namu na shanya kuɓewa a tabarma. Tamu iƙamar lafiya lau take, don haka ban ko ajiye ludayi ba. Wani saurayi a cikinsu ya ɗaga ƙafa zai bi ta kan shanyata, na daka masa tsawa.

"Ya waladi! Idonka a ƙeya yake? Haka kake yi a gidan uwarka?"

Ya ja da baya yana ba ni haƙuri, "Ma'alesh ya khala, ma'alesh." Babbansu ya yi dariya, ya ce yalla, suka fita ba su ko nemi takardata ba. Ƙofar tela kuwa a rufe take, ko leƙowa ba su yi ba. Na ce a raina, ka ga 'yan ƙasa, ana bincike suna barcinsu.

Ba a jima ba attajirin ya rasu. 'Ya'yansa suka raba dukiya, suka sayar da ɗakin ajiya, suka ce wa maigidana Allah ya ba da sa'a, ya nemi wani kafilin kafin iƙamarsa ta ƙare. Za ta ƙare kuwa kafin azumi. In ba a samu ba, sai jirgin ruwa zuwa Bor Sudan. Wa na bari a can? Ba kowa. Yarana duk a Jidda aka haife su, uwata a ƙasar Jidda take kwance.

Maigida ya zaga inda zai zaga, ya dawo da ƙura a ƙafa. Na ce masa, "Malam, ga ɗan ƙasa muna kwana gida ɗaya, kana yawon gari? Ka je wurin tela."

Ya ce, "Da wane baki? Tsakanina da shi sallama ce kawai. Ke da kike da baki, ki je wurin matarsa."

Baki ina da shi, amma na ciniki ne da na faɗa, ba na roƙo ba. Kuma a gidanmu ba a zuwa wa mutum da buƙata tsirara. Kwano ake fara aikawa. In ya je sau ɗaya, ya je sau biyu, mai hankali zai zo da kansa ya ce, "Lafiya kuwa? Ko akwai abin da zan yi muku?" Sai ka ce a'a, ba komai. Ya matsa, ka sunkuyar da kai, magana ta fito da mutuncinta.

Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka, na zuba man shanu, na kai da kaina. Hajiya ta karɓa hannu biyu, ta rankwafa har na tsorata kada ta kife a miyar. Na dawo ina jiran tambaya. Washegari kwanona ya dawo, cike da shinkafa shuɗiya. Shuɗiya fa, kamar an tsoma ta a marina. Yarana suka ja da baya. Maigida ya yi bisimilla ya cinye, ya ce wai da wani fure na ƙasarsu ake rina ta.

Mayar da kwano da abu a ciki tarbiyya ce, ban ga laifi ba. Sai dai nata ya fi nawa, ni kuma ba a fi na a nan. Na yi waina. Ta aiko da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa. Na yi funkaso da miyar taushe. Ta aiko da nama, wai da sukari aka dafa shi, inna lillahi. Na yi dambu, na zuba masa yajina wanda mazan Karantina ke tari in sun ci, na ce yau za ta zo ko don ta nemi ruwa. Ta aiko da romon kifi da wasu 'yan barkono ƙanana, ba su kai farcen yaro ba. Na raina su, na tauna guda. Jama'a, sai da na ga kakannina. Na zauna bakin randa ina kurɓa, ta leƙo tana tambaya da hannu ko ya yi daɗi. Na ce mata gishiri ne dai bai ji ba.

Sha'aban ya kama, kwano yana ta kai da komowa, babu wanda ya ce lafiya kuwa. Kukata da wata alhajiya ta kawo mini daga Kano ta ƙare, daddawa saura ƙulli ɗaya. Mutum guda ne ya amfana, maigidana. Ba ya aiki, ga shi har kumatu ya yi.

Na ce, "Malam, za a kore mu fa, kai kuma kana ta ƙiba."

Ya ce, "To ai gara a kori mutum da ƙarfinsa. Gobe me za ki aika?"

Na yanka zakarana, wanda nake kiwo saboda Sallah. Na soya shi ya yi ja, na kai. Na ce in wannan bai buɗe bakinta ba, halas, in fara ɗaure kaya.

Ya kuwa buɗe. Washegari bayan la'asar ina tsince shinkafa, sai ga ta hannu wofi. Ta shigo a rankwafe, na miƙa mata kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Na gyara ɗaurin kallabi, na shirya a'a ba komai ɗina. Ta jima tana murmushi. Sannan ta fara, da Larabcinta na tsince-tsince, wanda a cikinsa "mafi" ke nufin babu.

"Sitti, iƙama mafi. Ni mafi, miji mafi, yara mafi. Mijinki ɗan ƙasa. Ya zama kafili."

Tiren shinkafa ya kusa suɓuce mini. Na ce, "Wa? Wane ne ɗan ƙasan?"

Ta nuna ni. Ta miƙe, ta ɗauki ludayina, ta buɗe ƙirji, ta yi yadda na yi wa askari. Wai duk hoshin sun yanke tun ranar cewa mace ba ta yi wa hukuma wannan tsawa sai 'yar ƙasa.

Na ce, "Ku da kuke barci ranar?"

Ashe ba barci ba ne. Ita da yara suna ƙarƙashin gado, tela da farar jallabiyarsa yana cikin tulin jakunkunan alhazai, ta tsagar ƙofa suka kalle ni. Da takardar Hajji suka shigo tun shekarun da ba a tambaya, suka yi ta zama. Da kwanona na farko ya je, sai suka ce Allah ya kawo sauƙi, 'yar ƙasa ta buɗe ƙofa. A wurinsu ma ba a fara roƙo da baki. Ita ma ta ƙarar da duk abin da aka kawo mata daga gida tana jiran in ce lafiya kuwa.

Na ce, "Hajiya, kafilinmu ya mutu. Mijinki nake fako ya tsaya mana."

Ta dube ni, na dube ta. Ran nan na fara jin dariyarta da sauti, 'yar siririya kamar kukan tsako, har da hawaye. Ni ban yi dariya sosai ba, zakarana nake tunawa.

Na ce, "To gidan nan na wane ne?"

Ashe na wata tsohuwa ce Bahijaziya a cikin tsohon gari, ɗanta babban mai sayar da yadi ne. Tela wakili ne kawai. Shekara da shekaru yana riƙe mata makulli, kunya ta hana shi gaya mata ba shi da takarda.

Na ce, "Tashi. Gobe da hantsi za mu je, ni zan yi magana."

Muka same ta a bene, zaune bakin taga, ga kofin shayi, ga sanda a gefe. Muka gaisa, aka kawo ruwa. Na gyara zama na fara. Roƙa wa wani ai ba nauyi gare shi. Na ce mata, ya Sitti, mutumin nan ya tsufa yana gadin gidanki, ko ƙusa ba ta ɓata ba. In aka kama shi gobe, me mutanen Jidda za su ce? A ce mai riƙe makullanki an jefa shi jirgi da 'ya'yansa kina zaune? Na kawo haƙƙin maƙwabci, na kawo na baƙon Allah. Har ni kaina sai da na ji tausayinsu. Tsohuwa ta buga sanda, ta ce ya Allah, me ya hana shi faɗa tuntuni? Ta ce ɗanta na buƙatar tela a shago, zai tsaya masa.

Sannan ta juyo ta ƙare mini kallo. "Ke kuma, ya binti, mene ne naki?"

Ga ƙofa a buɗe. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ni rakiya na yo."

Sai na ji an mintsine ni a cinya, mintsini na gaske. Matar da ban taɓa jin muryarta ta tsallake bakin ƙofa ba ta miƙe tsaye, ta nuna ni, ta ƙwala ihu har barori suka leƙo.

"Hiya kaman! Ita ma! Kafili ya mutu! Iƙama halas! Yara da yawa!"

Na ce, "Hajiya, rage murya, gidan mutane ne."

Tsohuwa ta yi dariya har shayinta ya zube. Da ta huce ta ce, "Ɗana yana neman mai dako amintacce. Amma ni ba na yi wa mutum abin da bai nema ba. Faɗa da bakinki."

Na tuna jirgin Bor Sudan, na tuna yarana a cikinsa, na tuna kabarin uwata ba mai ziyara. Hajiya ta sake kawo hannu wajen cinyata, na matsa. Na dubi tsohuwa ido cikin ido.

Na ce, "Abin da maƙwabciyata ta faɗa, ban ji ƙarya a ciki ba."

Ta ce, "Shi ke nan abin da za ki ce?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ta girgiza kai, ta ce ita kam ba ta taɓa ganin wuya mai tauri irin nawa ba. Ta kira baranta, ta ce ya je shago ya ce wa ɗanta mutum biyu ne, ba ɗaya ba.

Kafin a ga watan azumi an mayar da iƙamar maigidana kan sunan ɗan tsohuwa. Ta tela ta fi jan lokaci, sai da aka yi ta hawa da sauka a ofishin fasfo, amma ta fito. Maigida ya koma ɗaukar bandir-bandir na yadi, kumatun suka zube a sati guda. Da ya tambaye ni yadda na roƙi matar har ta yarda, na ce ya iya bakinsa. An faɗi magana a gabana, aka tambaye ni, na ba da shaida. Ya ce to, Allah ya saka wa mai shaida da alheri.