Usur ɗin Emrys Prosser

Emrys Prosser bai taɓa cin kofi ba, kuma da wannan aka fake aka kore shi. Tun da aka rufe ramin kwal na garinmu, a nan kudancin Wales, shi ke koya wa ƙananan yara zari-ruga duk Lahadi da safe, ko ana ruwa ko ba a yi, mu kuwa a nan kullum yi ake. Ni ke dafa musu farfesun rago da dankali a kicin ɗin kulob, don haka duk abin da zan faɗa ta tagata na gan shi.

Gajere ne kakkaura, kunnuwa duk sun nannaɗe saboda turereniyar da ya sha yana saurayi. Yaro in ya zo hannunsa ba ya taɓa ƙwallo sai ya iya faɗuwa. Iyaye su yi ta gunaguni, wai wasa suka kawo 'ya'yansu, ba birgima a taɓo ba. Doka ta biyu kuma, in an tashi wasa, an ci ko an sha kashi, yara su jeru sahu biyu su tafa wa baƙi har su wuce ta tsakiya. Haka aka yi masa, haka ya yi wa iyayensu.

Bara dai suka kai wasan ƙarshe. Gwaninsu Gethin ne, ɗan Alun Meredith shugaban kwamiti, wannan Alun ɗin da na sha share wa majina yana kuka don an kayar da shi. Ana tsaka da wasa kan Gethin ya haɗu da gwiwar wani, ya miƙe yana tangaɗi. Emrys ya tambaye shi sunan ƙanwarsa, yaro ya kasa tunawa. Nan take ya fitar da shi, ya lulluɓa masa rigar sanyinsa.

Alun ya taho kamar zai tashi sama.

"Baba Emrys, yaron nan nawa ne, na ce ya koma."

"A gida naka ne. A filin nan nawa ne, kuma ba zai koma ba. Kai ma ka taɓa kwanciya a daidai wurin nan, ai ban mayar da kai ba."

Aka ci su. Likita ya ce da yaron ya sake karo da sai yadda hali ya yi, amma wa ya saurara? Kwamiti ya zauna, wai tsufa ya kama Emrys, wai yaran yanzu nasara suke so. Suka ba shi agogon bango, suka karɓe usur. Mutumin da ya ɗaure musu igiyar takalmi su duka! Na tare Alun a bakin kicin na ce masa in kofi yake so ya shigo, ga su nan jibge ina wankewa, ya zaɓa.

Emrys ya ɗauki agogonsa ya tafi gida. Lahadi na yi sai ga shi bayan wayar da ta kewaye fili da karensa, yana kallo kamar baƙo. Da aka tashi wasa yara suka tafa wa baƙi, amma ba su watse ba. Gethin ya ja su bakin ƙofar da Emrys zai bi ya fita, suka sake jeruwa sahu biyu. Sabon koci ya yi ta busa usur, ba wanda ya waiwaya. Dole tsoho ya bi ta tsakiya suna tafi, yana yi wa wata yarinya faɗa ta ɗaure takalminta kafin ta karye.

Kada ku ce kunya ta kama kwamiti. Har yau usur na wuyan wancan, Emrys na bayan waya. Amma ludayi a hannuna yake. Tsoho nakan miƙa masa kwanonsa ta taga, shaƙe da nama. Alun kuwa tun daga ranar romo zalla yake sha, kuma bai taɓa samun bakin tambaya ba.