Kawu a kan bonet

Jama'a, yau da Kawu Adamu a kan bonet na tuƙa mota.

Kun san boksinsa, a-kori-kurar nan wadda ya sa makanike ya ɗaga mata gaba saboda taɓon damina. Tun lokacin na ce masa ɗagawar ta yi yawa. Ya ce in tuƙa in yi shiru.

Da safe muka lodo buhunan riɗi daga gona wajen Doka. Baya ya zauna, gaba ya ƙara ɗaguwa. Muna zuwa kwana na murɗa sitiyari, mota ta ci gaba da tafiya sak, don tayoyin gaba da ƙyar suke taɓa ƙasa. Na saki mai, na taka birki a hankali, muka tsaya cikin dawar mutane.

Na ce, “Kawu, a rage buhuna.”

Ya ce ba zai bar riɗinsa a daji ba. Na ce to gaba na buƙatar nauyi, kuma duk motar babu wanda ya kai shi jiki. Wallahi ya hau bonet ya zauna, muka lallaɓa.

Kafin Gadarif ɗan murur, wato ɗan sandan hanya, ya tsayar da mu. Ya leƙa ƙarƙashi ya ce, “Ya Hajj, wa ya duba wannan gyaran ya amince?”

Kawu ya ce injiniya ne ya yi, lafiyarta ƙalau.

Ɗan murur ya ce, “To me kake yi a kan bonet?”

Yanzu haka muna garejin makaniken ana sauke gaban motar, Kawu da kansa yake miƙa sifana.