Fatihar da Baba Ya Shafa a Majalisa

Tun ranar da shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan kasuwa ya tuɓe takalmi ya shigo zauren mahaifina a Dukawuya na ji raina bai kwanta ba. Mutum ne mai masana'antar takalma a bayan gari, wanda ko gaisuwar mutuwa aike yake yi. Sai ga shi ya tattare babbar riga ya durƙusa a gaban Baba, yana ta juya wani takalmin fata da ba a gama ɗinkewa ba, yana zuba yabo. Na ce a zuciyata, in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Baba baduku ne. A zauren nan ya koyi riƙe basilla a hannun nasa uban, a nan yake ɗinka takalma da gafaka da kuben wuƙa. Gwiwoyinsa sun gaji, daga zaure sai masallaci, ko kasuwar Ƙofar Wambai ya daina zuwa sai dai a aiko a karɓi kaya. Ni koyarwa nake yi a firamare, Asabar ce ta sa aka same ni a gida.

"Baba," in ji shugaban, "ranar Talata za mu je majalisar dokoki mu kai kukan 'yan kasuwa da masu sana'a. Wuta babu, haraji kan haraji, takalman waje sun cika kasuwa. Tafiya kuwa ba ta kyau babu dattijo."

"To ni me zan ce musu, Alhaji?"

"Ba sai ka ce komai ba. Albarkarka kawai muke nema."

Na sa baki na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a ba mu takardar koken mu duba?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi. "Ana bugawa, Malam."

Yana fita na ce, "Baba, wannan fa da walakin." Baba ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Kai boko ya cika maka ciki da zargi. Mutum ya tako har zaurenka, ka ce masa a'a?"

Talata na roƙi hedimasta ya ɗaga min ƙafa, na bi su. A cikin bas na tambayi sakataren ƙungiya takardar, ya ce tana motar shugaba. Da muka sauka na sake tambaya, ya ce ai an riga an miƙa. Haushi ya turnuƙe ni. Na dubi ayarin namu, duk manyan riguna ne da ƙamshin turare, Baba kaɗai ne mai ja a yatsu, irin na rinin fata da ba ya fita. Ko baduku ɗaya ba a gayyato ba bayansa. Aka kama hannunsa aka zaunar da shi a gaba, dab da shugaba, ni kuma aka nuna min kujerar bango.

'Yan majalisa huɗu ne suka saurare mu, na biyar bai zo ba, kwafin takardarsa na ajiye a bakin tebur kusa da ni. Na miƙa hannu na zare. Shugaba yana ta jawabi, ni ina bin Turancin da yatsa. Buƙata ta farko wuta, ta biyu haraji, sai hanya, sai takalman waje. Duk gaskiya ne, har na fara jin kunyar kaina. A shafin ƙarshe na ci karo da ta biyar: a kafa dokar hana duk sana'ar da ke amfani da gam ko wuta a cikin unguwannin cikin ganuwa, wai saboda gobara, a mayar da masu yin ta wani sabon matsuguni a bayan gari wanda ƙungiya za ta kula da shi. Na sake karantawa. Zauren Baba ke nan, da na duk maƙwabtansa.

Ina ɗagowa na ji shugaba yana cewa, "Sai dattijonmu ya rufe mana da addu'a." Baba har ya ɗaga hannu.

Ni da nake da baki kamar reza, wallahi bakin ya mutu. A gidanmu ɗa ba ya katse ubansa a gaban mutane, balle yana tsakiyar addu'a. Baba ya yi salati, ya roƙa wa ƙasa zaman lafiya, sannan ya ce, "Duk abin da ke cikin takardar nan, Allah ka sa shugabanninmu su amince da shi, ka sa ya tabbata." Ɗaki ya ɗauka da amin. Aka yi fatiha aka shafa.

Ɗan majalisar da ke jagorantar zaman ya gyara hula ya ce, "Alhamdu lillahi. Da muna tunanin sai mun kira masu sana'ar cikin gari mun ji ta bakinsu. Tunda ga ubansu ya zo da kansa ya sa albarka, aiki ya yi sauƙi."

Sai da muka dawo, muka yi la'asar, ya zauna a kan buzunsa, sannan na fassara masa buƙata ta biyar kalma bayan kalma. Na ce, "Cin amana ne, Baba! Gobe mu tara badukai mu koma, ka gaya musu ba ka san abin da ke ciki ba."

Baba ya gyara zama.

"Fatihar da aka shafa ba a kwance ta," ya ce. "A gaban mutane na roƙi Allah, in koma in ce masa wasa nake yi?" Sai ya dube ni. "Kai yaushe ka karanta? Kafin in ɗaga hannu, ko bayan na sauke?"

"Kafin, Baba."

"Ka kuma ce amin?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Na ce."

Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Washegari ya kira maƙwabtansa badukai ya gaya musu komai da bakinsa, bai ambaci cewa na karanta ba. Su suka je majalisa suka yi ta kai kawo, shi ya ƙi binsu. Ya ce tunda shi ya roƙi abin ya tabbata, ba zai zauna yana jiran a zo a tashe shi ba. Ranar Juma'a ya naɗe fatunsa, ya raba kayan aikin ga masu so, ya sa aka share zauren.

Dokar nan har yau tana gaban kwamiti, ba a kafa ta ba. Kowace safiya in zan tafi makaranta ina wuce badukan layinmu suna ta aiki a zaurukansu, warin gam har titi. Namu ne kaɗai babu kowa, Baba yana cikin gida a zaune.