Malam Nasidi da Motar Kwalbati

Ƙarfe bakwai Malam Nasidi yake buɗe rumfarsa a bayan tashar Talata Mafara. Ya share ƙasa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sukundireba, ya zauna. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran rediyo da fanka da injin feshi. Kafintoci da masu walda sun san inda ake yar da injin huda mai batir idan ya lalace: gabansa. Shi dai sai ya miƙa hannu ya karɓa.

Sunan da garin ya ba shi bayan duk wannan shi ne "mai wasan yara".

Dalili wata mota ce da ya haɗa, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Ya fasa injin huda guda biyu, ya ciro abin da ke juya bakin tare da giyarsa, ya ba ƙafafun gaba guda, na baya guda. Tayoyin ya yanko su daga tsohuwar tayar babur. Da rimot ake tuƙa ta. Kaza ta fi ta sauri, amma tana hawa dutsen da ya fi ta tsayi, kuma taɓo bai tsayar da ita.

Da na dawo daga karatu na gan ta, na ce masa injin ya yi nauyi, akwai masu sauri yanzu.

"Ɗan nan, ba tsere za ta ba," in ji shi. "Inda za ta, mai sauri shi ka maƙalewa."

Ranin bara aka ga inda za ta. Wani kwalbati da ke ratsawa da ruwan madatsar Bakolori ƙarƙashin hanya zuwa gonakin wani ƙauye a Bakura ya toshe. Kwana huɗu albasa ba ruwa. An zura gora, ba ta kai ba. Abin da aka saba a nan shi ne a kira wani dattijo, Yakubu, a ɗaura masa igiya a ƙugu, ya shiga da rarrafe. Yakubu ya haura sittin, kuma tari ya riga ya ci ƙirjinsa. Kowa ya san haka. An dai kira shi.

Matarsa Marka ce ta hau mota har Mafara. Ta tsaya bakin rumfar, suka gaisa, ta ce, "Malam, in ya shiga wanga karon ba fitowa zai yi ba. An ce kana da wata aba."

Malam Nasidi ya rufe rumfa, ya sa motar a kwali. Na bi shi.

Mun tarar har an ɗaura wa Yakubu igiyar. Da aka buɗe kwalin sai dariya. Alhaji Sharhabilu, shugaban manoman wurin, ya ce, "Malam, amfanin gona munka zo ceto, ka kawo muna abin wasan yara?"

"Alhaji, in kana sauri ga ramin nan buɗe."

Malam Nasidi ya kwance igiyar daga ƙugun Yakubu ya ɗaura wa motar. Ya liƙa mata tocila da wayar salula mai ɗaukar hoto. Rimot ba ya ratsa kankare, don haka ya bi igiyar da siririyar wayar lantarki. Motar ta shiga a hankali. Mutane suka gaji da tsayuwa, wasu suka tafi sallah suka dawo. Da aka jawo ta muka duba hoton, mu biyu: buhunan yashi ne guda uku. Wani ne ya dasa su don ya karkatar da ruwa gonarsa, ruwan ya tura su ciki. Sunan mai su yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin ɗaya, kuma mai sunan yana cikin masu dariyar.

Malam Nasidi ya goge hoton. Ya sa wa motar ƙugiya, ta koma sau biyar, tana maƙala wa buhu, maza suna ja. Kowane ya fito sai ya farke shi, ya zubar da yashin, ya naɗe buhun ya cusa a kwalinsa. Kafin la'asar ruwa ya wuce.

A hanya na ce ya kamata a karanta sunan a gaban jama'a, tunda saura kaɗan mutum ya mutu a kan buhunan.

"Ruwa anka kira ni in buɗe," ya ce.

Har yau ban yarda da shi ba. Ya hana ni faɗa, shi ya sa ban faɗa ba.

Yakubu kuwa godiyarsa ita ce, "Malam, 'yar nan taka ta amshe man sana'a." Marka ta ce ya rufa mata baki.

Daga nan motar ta shiga kwalbati bakwai, biyu a Maradun. Ana kiransa, ana dariya, ruwa ya wuce, a watse. Ba wanda ya taɓa zama kusa da shi ya tambayi yadda aka haɗa ta.

Malam, kai ne mai ta da abin da aka yar. Kai ne ka ga dattijo da igiya a ƙugu ka ce akwai wata hanya, alhali mu masu takardu muna tsaye. Kana da taurin kai, ba ka rubuta komai, ba ka maimaita bayani. Mun gode duk da haka. Allah ya saka maka, ya ƙara maka lafiya.

Idon Malam Nasidi ya daina ganin ƙananan wayoyi, kuma ya ce ƙarshen watan gobe zai rufe rumfar. Masu gyara na Mafara da Bakura da Maradun, ku je ku zauna gabansa ku koya kafin nan. Kwalbati zai sake toshewa a ranin nan, kuma idan ba mai tuƙa motar, ƙofar Yakubu za a sake bugawa. Shi kuma zai tashi ya je.