Asama'u da Kwamfutar da Ta Goge

Asama'u 'yar Malam Sabo Maiturare ce na nan unguwar Hashimi, wanda shagonsa ke bakin babbar kasuwar Suleja ta ɓangaren masu yadi. Tare muka yi firamare, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani ita ta gaya mini da bakinta.

Tun tana yarinya ba mai yawan magana ba ce. Da ta gama sakandare mahaifinta ya sa ta koyon kwamfuta, daga nan ta samu aiki a wani shago kusa da tashar motocin Abuja, inda ake buga takardu da yin fotokwafi. Ta fi shekara goma a kan kujera ɗaya, tana buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki da rubutun kammala karatu na ɗalibai. A shagon ta haɗu da Funmi, Bayerabiya haifaffiyar Suleja, wadda Hausa ta fi zama a bakinta fiye da Yarbanci. A shagon kuma Nuraddeen ya gan ta, ranar da ya kawo taswirar wani fili a buga masa. Mutumin Funtuwa ne, yana aiki da wani kamfanin safiyo, masu auna filaye, a Abuja, yana haya a Kurmin Sarki kamar sauran baƙin da ke sammakon shiga mota kullum. Bayan wata takwas aka ɗaura musu aure.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Muhsina, kuma da sikila ta zo duniya. Shekara tara ta yi, rabinsu a gadon asibiti. Duk ranar da ta tashi da lafiya, Nuraddeen sai ya ɗauko waya ya ɗauke ta bidiyo: tana haddar Izu ɗaya, tana kwaikwayon yadda masu doya ke kiran ciniki, tana gardama da uwarta a kan ɗankwali. Tun da aka taɓa fizge masa waya a Zuba, ya ɗauki al'adar juye komai cikin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka duk ƙarshen mako, sannan ya goge daga wayar don a samu wuri. Da daminar 2022 Muhsina ta rasu, ranar wata Talata, ana tsakar ruwa.

A shekarar kuma aka rufe shagon, domin kowa ya koma buga takardarsa a waya. Asama'u ta zauna a gida. Kullum bayan Azahar, idan akwai wuta, sai ta buɗe kwamfutar ta kunna bidiyon yarinyar, ɗaya bayan ɗaya har La'asar. Shi Nuraddeen ba ya iya kallo. Idan yana gida ya ji muryar sai ya ɗauki buta ya fita tsakar gida. Shi ne da kansa ya kira Funmi ya roƙe ta ta samo wa matarsa abin da zai ɗauke mata hankali.

A lokacin Funmi ta yi nisa. Tana aiki da wani kamfani a Abuja wanda ma'aikatu ke ɗauka ya gwada yi wa kwamfutocinsu kutse da izininsu, don a gano ɓaraka kafin ɓarayi su gano ta. Ta zo ranar Asabar da ledar lemo, ta zauna a kan tabarma.

"Asma, hannunki ya fi nawa sauri a kan kibod, kuma kin fi ni haƙuri," in ji ta. "Aikin nan haƙuri ne kawai. Ana koyonsa a intanet, kyauta."

"Da wannan tsohuwar kwamfutar?"

"Da ita. Sai dai ba da Windows ba. Akwai manyan manhajoji na Linux da aka tanada musamman don wannan aikin, da kayan gwaji a cikinsu. Kyauta suke, kuma a buɗe, kowa na iya duba yadda aka rubuta su. Biyu aka fi sani, Kali da Parrot. Ki karanta a kansu ki zaɓa."

Funmi ta saka ta cikin wani zauren WhatsApp na masu koyo. Mako uku Asama'u ta yi tana wannan zaɓin, kuma na daɗe ban ga ta damu da wani abu na duniya haka ba. Mazan zauren yawancinsu Kali suke yabo, suna cewa ita ce ta ƙwararru, duk darasin da aka buɗe da ita ake koyarwa. Asama'u ta je shafin masu Kali ɗin ta karanta da kanta, ta tarar su ma sun rubuta cewa ba su ba wanda bai saba da Linux ba shawarar ya fara da ita. Wasu suka ce ta fara da Ubuntu, wata Linux mai sauƙi, tukuna ta saba, amma ta ga sai ta bi kayan gwajin ɗaya-ɗaya tana sakawa, ita kuwa ko sunayensu ba ta gama sani ba. Parrot aka ce ba ta da nauyi, tana tafiya a tsohuwar kwamfuta, kuma ana iya buga takarda da sauran ayyukan yau da kullum a cikinta. Kwamfutar Nuraddeen ƙwaƙwalwarta giga huɗu ce, batirinta ya mutu tuntuni, sai da wuta take tashi. Ta zaɓi Parrot.

Funmi ta ce ta yi daidai, ta aiko mata da ita a filash ta hannun wani direba, da gargaɗi ɗaya: ta riƙa kunna ta daga filash ɗin, kada ta girka ta a cikin kwamfutar sai ta zo. Asama'u ta yi hakan kwana goma. Amma abin na tafiya a hankali, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta, duk abin da ta saita sai ya ɓace ta koma farko. Funmi kuwa aiki ya riƙe ta, Asabar biyu ba ta zo ba. Asama'u ta duba yadda ake girkawa, ta ga ba wuya. Matsala ɗaya ce: kwamfutar a cike take fal, babu wurin da sabuwar manhajar za ta zauna gefen tsohuwar. Sai an share komai.

Ranar Lahadi ta ga Nuraddeen ya jona wata 'yar baƙar ma'ajiya ta waje a kwamfutar, ya daɗe yana juye abubuwa. Ranar Talata da safe, yana ɗaure takalmi zai tafi aikin kwana biyu a Kwali, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Abban Muhsina, ka kwashe abubuwan da ke cikin kwamfutar nan? Ina so in saka sabuwar manhajar."

"Na kwashe tun Lahadi."

"Duka?"

"Duka. Ki yi abin da za ki yi, na makara."

Ya saɓa jakarsa, da ma'ajiyar a ciki, ya fita. Shi taswirorin aikinsa yake nufi, domin a zatonsa su take tsoron taɓawa. Ya ɗauka saka manhaja a kwamfuta kamar saka ta a waya ne, ba ta taɓa hotuna. Ita kuma ta ɗauka ba wanda zai ce "duka" ya bar Muhsina a baya.

Ƙarfe biyu aka kawo wuta. Ta kira Funmi sau biyu ba ta ɗauka ba, tana cikin taro. Asama'u ta san wutar ba lallai ta kai La'asar ba. Manhajar ta tambaye ta yadda take so a yi da ma'ajiyar kwamfutar, ta zaɓi a share gaba ɗaya. Aka rubuto mata gargaɗi ƙarara cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Ta karanta, ta fahimta, ta danna. Ta gaya mini har bisimilla ta yi.

Kwana biyun da suka biyo baya su ne mafi sauƙi da ta yi tun rasuwar. Kwamfutar ta koma kamar sabuwa. Ta sauko da sabuntawa, ta sauko da darussa, ta yi gwajinta na farko a kan wani shafi da aka gina don masu koyo, ta samu shiga. Na je gidan ranar Laraba na tarar da ita tana dariya ita kaɗai, ta ajiye shinkafa a wuta har ta kama.

Nuraddeen ya dawo Alhamis da yamma. Bayan ya ci abinci ta ce ya ba ta ma'ajiyar, tana so ta ga yarinyar, kwana biyu ba ta gan ta ba.

"Wace yarinya?" ya tambaya.

"Bidiyon Muhsina."

"Ai suna cikin kwamfuta."

Ta gaya mini ta tsaya tana kallonsa, shi ma yana kallonta. Duk da haka ta karɓi ma'ajiyar ta jona. Taswirar Kwali, taswirar Gwagwalada, taswirar Kuje, takardun ofis. Ta buɗe kowace jaka har ƙarshe, ta sake komawa farko. Nuraddeen na tsaye a bayanta. Da ta fara zagaye na uku sai ya dafa kafaɗarta ya ce, "Bar shi haka." Sannan ya zauna a ƙasa, ya jingina da gado.

Da ta samu Funmi a waya, abu na farko da Funmi ta ce shi ne: "Kashe kwamfutar yanzu. Abeg, kada ki ƙara taɓa ta." Ta bayyana mata cewa abin da aka goge yakan zauna a ɓoye har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma duk abin da ta sauko da shi cikin kwana biyun nan a kan wani abu ya sauka.

Ranar Asabar ita da Nuraddeen suka shiga motar Abuja da kwamfutar a naɗe cikin zani. Funmi da wani abokin aikinta, Nnabuike, suka cire ma'ajiyar cikin kwamfutar suka ɗora ta a wata na'ura. Kwana huɗu ana tono. Abin da ya fito dubban fayiloli ne marasa suna, a cakuɗe, yawanci tarkace. Asama'u ta zauna ta buɗe su ɗaya-ɗaya. Ta samu hotunan Muhsina talatin da ɗaya, wasu rabinsu toka-toka, akwai wanda ƙafafunta kawai suka rage cikin takalmin makaranta. Bidiyon su ne manya, su suka fi lalacewa. Guda ɗaya ne ya buɗe, na daƙiƙa shida, tana juyowa daga bakin taga za ta yi magana, kuma babu sauti.

Ba su yi faɗa ba. Na sha tunanin da sun yi da ya fi. Ita ba ta iya cewa laifinsa ne, tunda da hannunta ta danna. Shi bai iya cewa laifinta ne, tunda ta tambaye shi har sau biyu. Sau ɗaya kawai ya ce, "Da na tsaya minti ɗaya," bai ƙarasa ba. Wani abin da ya fi cin sa, wanda ya faɗa wa Malam Sabo daga baya, shi ne bai taɓa zama ya kalli bidiyon ba tun rasuwar. Yana jira sai zuciyarsa ta yi ƙarfi.

Ya fara kwana a wurin aiki, yana dawowa Juma'a. Daga baya ya koma mako biyu-biyu. Da kamfaninsu ya samu aikin hanya a wajen Katsina, shi ya nemi a tura shi. Bai sake ta ba, ita ma ba ta nema ba. Da wa'adin ɗakin Kurmin Sarki ya cika suka saki, ta dawo Hashimi ɗakin mahaifiyarta, Inna Yalwa.

Wata huɗu ba ta buɗe kwamfutar ba. Da ta buɗe, ba darasin kutse ta koma ba, sai na tono abin da aka goge. Parrot ɗin na nan, kuma akwai kayan wannan aikin a cikinta. Yanzu mutane daga kasuwa da unguwa suna kawo mata memori da filash da suka lalace, wani ta ceto, wani ta ce a yi haƙuri. Aikin gwajin tsaro sau ɗaya ta taɓa samu, wata makarantar kuɗi a hanyar Madalla ta kira ta ta duba musu cibiyar jarrabawa, ba su sake kira ba. Kamfanonin Abuja suna neman takardar shaida da shekarun ƙwarewa, ita kuwa ta doshi arba'in.

Da Babbar Sallar da ta wuce Nuraddeen ya zo Suleja. Ya rame, furfura ta fito masa. Suka zauna a zauren Malam Sabo, ina ciki na kawo musu ruwa. Ya fito da waya ya ce ƙanwarsa Rukayya ta samo wani bidiyo a tsohuwar wayarta, na wani suna da aka yi a Funtuwa shekaru biyar baya. Mata ne cike da tsakar gida ana rabon waina, kyamarar na kan mai jego. Can wajen ƙarshe, daga inda ba a gani, wata yarinya ta ce, "Ni ba a ba ni ba."

Ya maimaita mata sau uku.

"Ita ce," in ji shi.

"Ba ita ba ce, Abban Muhsina. Muryarta ta fi wannan kauri."

"A lokacin tana shekara shida. Ita ce."

Asama'u ta karɓi wayar ta kanga a kunne, ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Da ta buɗe sai ta ce ita fa ba ta sani ba, ta daina iya tuna yadda muryar take. Ta ce ya tura mata. Ya tura, ya sha ruwan, ya shiga ya gaishe da Inna Yalwa, kafin La'asar ya kama hanyar tasha.